Abokin Nutso

Mu mutanen tudu mun san abokin tafiya, mun san abokin shawara, amma kaɗan ne cikinmu suka san abokin nutso. Ni a Dahab na san shi, wani ƙaramin gari na ƙasar Masar da ke gaɓar Bahar Maliya. Can na koyi shiga ƙarƙashin teku da tukunyar iska goye a baya, irin na'urar nan da Jak Kusto da Emil Ganyan suka ƙera a Faransa cikin shekarar 1943. A Dahab sau da yawa ba a bukatar jirgi: daga gaɓa mutum ke saɓa kayansa, ya taka cikin ruwa har ya ɓace. Sai dai wanda ya shiga ta gaɓa ba shi da matuƙin jirgi da zai ƙirga kawuna in an fito. Abokinsa ne ya ga shigarsa, shi ne kuma zai fara sanin bai fito ba.

Dalilin tafiya biyu-biyu a fili yake. A zurfin mita 10 nauyin da ke danne jiki ya ninka na tudu sau biyu, a mita 20 sau uku, haka kuma iskar tukunya ke saurin ƙarewa. In ta yanke wa mutum, ba dama ya zabura sama, domin iskar da ke huhunsa za ta kumbura ta yi masa lahani. Shi ya sa kowa ke rataye da bututun shaƙa na biyu, wanda ya tanada domin ɗan'uwansa.

To, yaya ake samun wanda za a damƙa wa numfashi? A shagunan hayar kaya akan haɗa baƙo da baƙo, kowa ya nuna takardar shaidarsa. Amma takarda ba ta faɗin hali. Ni dai nakan zauna shan shayi da mutum tukuna, mu tsaida zurfin da ba za mu wuce ba, da yawan iskar da in ta rage za mu juyo. Sannan in lura da yadda yake duba kayana: ya murɗa makunnin tukunya, ya shaƙi bututu, ya ja ɗamara. Mai yin wannan da garaje, ko da gwani ne, nakan ba shi haƙuri. Haka maginin rijiya a ƙasarmu ke yi, ba ya sauka sai ya san hannun da ke riƙe da igiya.

Abin da ya fi wuyar samu shi ne wanda ba ya jin nauyin cewa a koma. An raine mu a kan kunya da jimiri, yaro ba ya cewa ya gaji a gaban manya. Wannan ado ne a tudu, a cikin ruwa kuwa ajali ne. Ramin Dahab da ake kira Bulu Hol, mai zurfin da ya kai mita 100, ya ci masu nutso da yawa, cikinsu har da gwanaye. Zurfin ciki ya fi zurfin teku haɗari. A yaren hannu na masu nutso, ɗaga babban yatsa sama na nufin mu fita, kuma ƙa'ida ce ba a musu da wanda ya ɗaga shi. Duk wanda na ga ya ɗaga yatsan nan ba tare da kame-kame ba, shi nake nema washegari.