Ƙwaƙwalwa Biyu Muka Saya Saboda Ɓera

Wannan makon labarin Sharon ɗin gidanmu muka kawo muku.

Da kuɗin sallamar Baba aka saye ta. Yaya ne ke jan ta, Gaya zuwa Kano ta Wudil, ranar da ba fasinja kuma ya ɗauko buhuna daga ƙauyukan Ajingi. Cefanen gida da kuɗin makarantar ƙannenmu duk daga ita suke fitowa. A kakar bara ta kwana huɗu a Toranke, kusa da rumbu, ana jiran a gama sussuka. Da ta dawo sai ta fara rawa, baƙin hayaƙi na fita, warin fetur har cikin kujeru. Kafin a shiga Gaya ta mutu.

Bakanikenmu tsohon hannu ne, tun zamanin kafireto. Ya canja filogi, ya duba famfon mai, ya kwance filogi ɗaya ya same shi jiƙe sharkaf. Ya goge hannu ya ce da Baba, “Alhaji, sai haƙuri, birenbos ne.” Duk mai mota ya san nauyin wannan kalmar. Mun lura kuma ita ce mafakar gareji: abin da ido bai gani ba, a ɗora wa ƙwaƙwalwa, tunda ba ta da bakin musu.

Amma a wannan karon ya yi gaskiya, ta ƙone ɗin. Abin da ba wanda ya tambaya, har mu da muke da difiloma a akwati, shi ne me ya ƙona ta.

Baba ya sayar da geron da aka ware na damina. Muka shiga Kofar Ruwa da tsohuwar a leda, don dole lambar jikinta ta dace da ta wadda za a saya. A nan muka san ba a sayenta ita kaɗai. Makullin irin wannan mota yana da ɗan ƙwayar lantarki a ciki, in ƙwaƙwalwa ba ta gane shi ba, injin zai tashi ya mutu nan take. Ko dai a sayi saiti da makullinsa, ko a biya mai kwamfuta ya haɗa su. Mai shagon bai ɓoye mana ba, ya ce kayan wuta in ya fita ba ya dawowa. Aka ɗaura ’yar Beljiyam, mota ta tashi lafiya lau, Inna har da rabon sadaka. Kwana biyu ta yi. Ranar Juma’a, cikin cunkoson kasuwar Wudil, da fasinja cike, hayaƙin nan ya dawo.

Daren nan Baba bai ci tuwo ba. Yaya ya ce a sayar da ita yadda take. Mu muka roƙi a ƙara gwadawa sau ɗaya, aka ja ta zuwa Kano wurin wani matashi mai wayarin da aka yi mana kwatance.

Bai taɓa ƙwaƙwalwar ba sai can ƙarshe. Ya fara da batir, ya auna. Ya bi fiyus ɗaya bayan ɗaya, ya duba wayar da ke ɗaure da jikin mota, ya ce tsatsa a wurin nan kaɗai tana sa lafiyayyar ƙwaƙwalwa ta yi kamar matacciya. Sannan ya jona na’urarsa a soket mai ramuka 16. Wannan soket ba sabon abu ba ne: tun 1996 Amurka ta wajabta shi, Turai ta bi a 2001 ga motocin fetur. Na’urar ta nuna P0203, wato matsala a layin nozul na silinda ta uku. Muka ce to ai ga shi, nozul ne. Ya yi dariya ya ce na’ura unguwa take faɗa, ba ta faɗar gida.

Ga yadda ya fahimtar da mu. Nozul waya biyu gare shi. Ɗaya tana kawo wuta, ɗaya tana komawa ƙwaƙwalwa, inda wani ɗan tiransisto ke buɗewa yana rufewa don a fesa mai daidai gwargwado. Idan wayoyin biyu suka haɗu tsirara, wuta ba za ta bi ta cikin nozul ba, kai tsaye za ta faɗa wa tiransiston ta soya shi. In ya soyu a manne, nozul ya yi ta zuba mai ba tsayawa. Shi ne jiƙaƙƙen filogin nan, shi ne hayaƙin.

Ya kwance tef ɗin damin wayoyi a bayan injin, sai ga ƙaiƙayin gero da kashin ɓera, ga wayoyi biyu an gwigwiye musu riga. In mota na tsaye ba sa taɓa juna, sai ta faɗa rami. Shi ya sa ta ba mu kwana biyu.

Gyaran wayar bai kai kuɗin kwanon shinkafa biyu ba. Ƙwaƙwalwa ta biyu kuwa sai da Inna ta ba da tunkiyarta. Mun so a gyara ɗaya cikin ƙonannun, ya ce akwai masu canja tiransiston, amma shi ba zai sa mu dogara da ita a motar haya ba.

Abin da ya tsaya mana a rai shi ne nisan. Tarihi ya ce maƙeran Gaya ne suka je Dala neman tama, Kano ta kafu. Yau jikokinsu sai an ja musu mota ta haye gadar Wudil kafin a karanta musu lamba ɗaya. Ba mu ga laifin bakanikenmu ba, motar ce ta canja a hannunsa ba tare da kowa ya koya masa ba. Da muka kai masa guntun wayar ya daɗe yana juya ta, sannan ya tambayi nawa ake sayar da na’urar.

Ƙaninmu da ya gama sakandare bana yana wurin matashin nan yanzu, wata na uku ke nan. Motar kuma ba ta ƙara kwana kusa da rumbu ba. Ƙonannun biyu suna kan durowar Baba, ya hana a ba ’yan gwangwan.