Maki huɗu a teburin mai shayi

A Zakka, cikin ƙaramar hukumar Safana, akwai wani tsohon malamin firamare da bai rabu da jan biro ba ko bayan ya yi ritaya. Da ya rasa ɗaliban da zai duba wa aiki, sai ya koma duba shayi. Kullum bayan sallar asuba yakan zauna a ƙarshen bencin mai shayin unguwarsu, ya karɓi kofinsa ruwan bunu, ba madara ba sukari, ya kai shi hanci, ya kurɓa da ƙara, sannan ya buɗe wani ƙaramin littafi ya rubuta kwanan wata da maki bisa goma. Mutane sun yi masa dariya har sun gaji. Mai shayin kuwa, wanda ya yi aji huɗu a hannunsa, bai taɓa ɗaukar abin da wasa ba. Shekara da shekaru yana samun bakwai ko takwas, kuma har gobe yakan leƙa littafin ta wutsiyar ido kamar yadda yake yi yana yaro.

Wata safiya ta bazara, Malam ya rubuta huɗu.

"Allah gafarta Malam, me na yi?" in ji mai shayin. "Wallahi ganyen jiya ne, kwali ɗaya."

"Na sani, ɗana," in ji Malam. "Shi ya sa abin ya dame ni."

Kafin a gane abin da ya dame shi, sai an san abin da yake aunawa. Hausawa sun ce hanci bai san daɗin gishiri ba, kuma gaskiya ne. Amma shi ma harshe bai san daɗin kanumfari ba. Harshe yana rarrabe zaƙi da tsami da ɗaci da gishiri da gardin romo, iyakarsa ke nan. Sauran abin da ake kira ɗanɗano ƙamshi ne da ke hawa daga bayan maƙogwaro zuwa hanci, shi ya sa mai mura yake jin shayi kamar ruwan zafi. Kurɓar da Malam ke yi da ƙara, wadda matarsa ke kira rashin ɗa'a, ita ce ke watsa shayin a baki tare da iska domin ƙamshin ya tashi. Haka ƙwararrun masu ɗanɗana shayi suke yi a Mombasa ta ƙasar Kenya, inda ake gwanjon shayin gabashin Afirka: su zuƙa daga cokali, su juya a baki, su tofar. Akwai kuma bauri, irin wanda goro ke bari, wanda ke sa baki ya ɗaure. A wurin Malam, shayin da ba shi da bauri ko kaɗan rago ne, wanda baurinsa ya yi yawa kuma an bar shi kan wuta ya wuce ƙima.

Su ƙwararrun har ƙa'ida suke da ita, mai lamba ISO 3103, wadda aka fitar a 1980: giram 2 na ganye ga mililita 100 na tafasasshen ruwa, a rufe, a bar shi minti 6. Ba a yi ta don a sami shayi mafi daɗi ba, an yi ta ne don a kwatanta ganye da ganye cikin adalci, kamar yadda ake ba dukan 'yan aji jarrabawa ɗaya a lokaci ɗaya. Malam bai taɓa auna giram ba, amma hankalinsa na malanta ya kai shi wuri guda: kofi ɗaya, lokaci ɗaya, kuma kafin a zuba komai. Yakan ce madara da sukari tamkar satar amsa ce, suna rufa wa ganye asiri.

Ganyen da ya ratsa littafin ba shi da yawa. Akwai Lipton mai rawayan kwali da Top Tea, 'yan jakunkuna masu cike da ganye niƙaƙƙe ƙanana, wanda ke sakin launi da ƙarfi nan da nan amma ƙamshinsa gajere ne. Akwai Highland na tsaunin Mambila a jihar Taraba, wanda Malam ke ƙara wa rabin maki don kishin ƙasa, kuma yana rubuta hakan a gefe don kada ya ci amanar littafin. Sai koren shayin ƙasar Sin mai ganye a dunƙule, na shayin Buzaye, wanda ake dafawa a ƙaramar buta kan gawayi a sha kofi uku, na farko mai tsananin ɗaci, na ƙarshe mai laushi da zaƙi. Duk daga tsiro ɗaya suke. Bambancin yana ga yadda aka sarrafa ganyen bayan tsinka. Kuma littafin ya zama tarihi ba da niyya ba. Lokacin da aka rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, layin koren shayi ya yi ta zuwa da giɓi, don ta wajen Maraɗi da Jibiya ya saba zuwa musu.

Amma ranar maki huɗu ganyen bai canza ba. Launin ya yi duhu, ba ya sheƙi, ƙamshin ya kwanta, ga wani siririn yanayi mai kama da mai yana yawo a saman kofin. Malam ya daɗe yana kallonsa, sannan ya tambaya daga ina aka ɗebo ruwan.

Mai shayin ya yi shiru. Kusan dukan abin da ke cikin kofin shayi ruwa ne, kuma ruwa suna ya tara. Wanda ya daɗe a cikin duwatsun ƙarƙashin ƙasa yakan kwaso sinadarin kalshiyam, wanda ke haɗuwa da abubuwan da ganye ya saki ya yi wannan yanar, ya dusashe launi, ya danne ƙamshi. Shi ya sa waccan ƙa'ida ta ce a gwada shayi da irin ruwan da masu shansa za su yi amfani da shi, shi ya sa kuma Yorkshire Tea a Ingila yake da haɗi na dabam domin garuruwan da ruwansu ke da nauyi. Shekaru mai shayin yana aika ƙaninsa da amalanke zuwa wata tsohuwar rijiya a bayan gari, ta yamma, mai ruwa mara zartsi. Ta yamma kuwa, ga duk mutumin Safana da Batsari, yana nufin wajen dajin Rugu. Tun kafin gwamnati ta katse layukan waya a yankin a Satumban 2021, mutane sun riga sun koyi lissafin hanyar da za a bi da wadda za a bari saboda 'yan bindiga. A makon nan an tare wasu masu itace ba nisa da rijiyar, mahaifiyarsu ta rantse yaron ba zai sake zuwa ba. Ruwan burtsatse ya saya a hannun 'yan garuwa.

Malam ya riƙe biron kamar zai gyara. Wani daga cikin mazauna bencin ya ce ai sai a yi masa rangwame, tunda ba laifinsa ba ne. Malam ya girgiza kai. Shekara talatin da biyar bai taɓa ƙara wa yaro maki don tausayi ba, kuma a ganinsa idan ya mai da huɗu ta zama bakwai, ya goge shaida ɗaya tilo da ke nuna cewa an raba su da wani abu. Ya bar huɗun yadda take, ya rubuta a gabanta da ƙananan baƙi: "Ruwan burtsatse. An daina zuwa rijiya."

Haka aka yi ta tafiya tsakanin huɗu da biyar. Mai shayin ya ƙara citta da na'ana'a, masu shan haɗin kauri ba su ma lura ba. Da ruwan sama ya sauka a watan Yuni, ya bar na farko ya wanke kwanon rufi, ya tari na biyu a sabuwar randa, ya rufe ta da faifai. Da asuba ya miƙa wa Malam kofi bai ce komai ba. Malam ya shaƙa, ya kurɓa, ya sake kurɓa, ya rubuta takwas. Sannan ya tambaya ko randar za ta kai kwana nawa.

"In an yi tattali, Malam, kwana goma."

"To, ka daina wanke kofuna da shi."