Abin Da Na Hango Daga Kan Bene

Yau labarin tseren gudu zan ba ku. Kada ku ce Malama ta shiga zancen maza, ku dai biyo ni.

Ran Asabar, 21 ga Nuwamba, 2020, aka yi babban tseren ƙafa cikin garin Kaduna, irin wanda Turawa ke kira maraton. Cikakkensa mil 26 ne da 'yan kai, watau wajen rabin hanyar Zariya zuwa Kaduna. Na ran nan rabin wannan ne, mil 13. Sa'an nan ina ɗaliba a kwalejin horon malamai, na je kwana biyu gidan kawuna, shi kuwa akawu ne a wani dogon bene. Ya ce, "Zo in kai ki inda za ki ga kome, ba mai taka ki."

Mu nan Basawa in ana zancen dogon bene sai mu nuna na Jami'a a Samaru, amma ban taɓa hawansa ba. Muka yi ta hawa har ina haki. Da na leƙo ƙasa sai na ga motoci kamar kwalin ashana, mutane kamar tururuwa. Na gaba suka wuce fyau, kamar ƙafarsu ba ta taɓa ƙasa. 'Yan Kenya ne suka ci ran nan. Can sai ga jama'a tuli, maza da mata. Wannan ma abin lura ne, don sai a 1984 aka yarda mata su yi maraton a wasannin Olamfik.

Bayan an daɗe, hanya ta yi fayau, sai ga wata mace ita kaɗai, tana tafe ba gudu ba, ba tafiya ba, kamar mai zuwa gidan suna. Na yi dariya, na ce, "Kawu, wannan ai da ta yi zamanta a gida." Ya ce, "To, sauka ki gaya mata."

Na kuwa sauka. Da ta iso kusa da ni sai dariya ta koma ciki. Gumi ya jiƙa rigarta sharkaf, leɓenta ya bushe ya tsage, tana ɗingishi da ƙafar hagu, numfashinta kamar zugazugin maƙeri. Duk wannan ban gan shi daga sama ba. Na miƙa mata ruwan leda, ta karɓa, ko dubana ba ta yi ba, ta wuce.

Abin da ya tuno mini da ita, wata yarinya ce a ajin da nake koyarwa yanzu. Kullum sai an shiga aji zan hango ta daga baranda tana tafe a hankali. Mako uku ina sa ta durƙuso da shara, ina ce mata malalaciya. Makon jiya ina tsaye ina kallonta, sai na ji muryar Kawu a kunnena. Na sauka na tarye ta a bakin ƙofa. Na ce, "Ke, daga ina kike zuwa?" Ta ce, "Malama, daga ƙauyenmu." Ashe tun asuba take ɗebo ruwa, ta kai tallar koko wajen barikin soja, ta mai da bokiti gida, kana ta kamo hanya. Silifas ɗinta da waya aka ɗaure shi.

Ran Jumma'a da aka tashi na bi ta gida. Sa'a ɗaya da kwata muka yi, ni da ke hawan acaba kullum sai da ƙafata ta kumbura. Uwarta ta dama mini fura, sa'an nan ta ce, "Malama, dā ma ina shirin cire ta. Yarinya ta yi wannan tafiya, ta je kuma ta yini durƙushe?" Na rasa ta cewa. Muka dai shirya a kan ta bar mini ita har ƙarshen zangon nan, wanta kuwa ya riƙa mai da bokitin.

Ran Litinin ta makara da minti 20 maimakon 40. Na buɗe rajista na rubuta ta zo. Hedimasta ya ce doka doka ce, ba a yi wa ɗaya a bar saura. Na roƙe shi ya ba ni ran Jumma'a mai zuwa, mu taka tare zuwa ƙauyen. Ya ce zai duba.