Kwamfuta ɗaya, diski biyu

A gidajen yawancin ma'aikatanmu kwamfuta ɗaya ce ke yin komai. Da rana tana biro ana buga rahoto da ita, da dare tana tsakar gida yara na kallon fim ɗin da aka zubo musu a kile daga shagon masu turi. Da safe a sake saɓa ta zuwa aiki. Kuma kowa ya san abin da kilen nan ke kwasowa: birus ɗin da ke ɓoye maka dosiye ya bar maka rakursi, ka danna ka danna ba abin da ke buɗewa. Wanda bai gamu da shi ba a Maraɗi ko Damagaram, to bai taɓa kai takarda wurin masu fotokofi ba.

A aikinmu na rediyo abin ya fi haka nauyi. Cikin na'urata akwai muryar matar da ta yarda ta yi magana a kan zamanta na aure bisa sharaɗin a sauya mata murya kafin a watsa. Muryarta ta asali tana nan, kafin montaj. Akwai hirarrakin dattawan da sun riga mu gidan gaskiya, ba wanda zai sake ɗaukar su. Wannan amana ce, kuma ban ga dalilin da zai sa ta kwana wuri ɗaya da wasannin yara ba.

Ga dabarar da nake bi. Windows, da manhajoji, da duk abin da ka ajiye, a kan diski suke zaune. Ka zare diskin, kwamfutar ta zama gangar jiki kawai. To sai na mallaki diski fiye da ɗaya ga na'ura guda. Na sa teknisiyan ya ɗora Windows sabo fil a na farko, da Audacity da sauran kayan aikina, sannan muka yi masa tagwaye. Ba kwafar dosiye ake yi a liƙa ba, wannan ba ya tayar da kwamfuta, don akwai ɓoyayyen sashe mai kunna ta wanda ido ba ya gani. Manhaja ce ke ɗaukar diskin dungurungum, irin Clonezilla, wadda aka ƙirƙira a Taiwan kuma kyauta ce. Na rubuta AIKI a jikin ɗaya, GIDA a jikin ɗayan. Na uku yana cikin akwati, ba a taɓa shi. Ran da na aikin ya ƙi tashi saura minti talatin a shiga studiyo, shi zan sa in ci gaba, gyara ya biyo baya.

Wani zai ce, me ya sa ba za a raba diski ɗaya gida biyu ba, ko kowa ya buɗe kontinsa da lambar sirri? Wannan katangar zana ce. Birus in ya shiga, duk diskin yake gani. Ku tuna WannaCry na watan Mayun 2017, wanda ya shiga ƙasashe sama da 150, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Irin wannan birus kulle duk abin da ke jone da na'ura yake yi, ya ce a biya kuɗi. Amma diskin da ke cikin durowa, ba waya ba kuran, ba ta inda zai kai gare shi. Shi ya sa ba na haɗa su a na'ura lokaci guda, ko da na minti biyar ne don ɗauko hoto.

Sauya diskin ba wuya a tsofaffin HP, Dell da ThinkPad ɗin da suka cika kasuwanninmu: murfi ne a ƙasa da kusa ɗaya ko biyu. Sai dai bakin da diskin ke shiga ba a yi shi don zarewa kullum ba, yana gajiya. Gara a sa ƴar tire a gurbin DVD, ko a gaban kwamfutar tebur, diski ya riƙa shiga yana fita kamar kaset. A kashe na'ura gaba ɗaya kafin a zare, kuma a cire abin da Windows ke kira "démarrage rapide", don da shi kashewar rabi ce. Sabbin sirara kuwa, wasu diskinsu liƙe yake, a tambaya kafin a biya.

Ni dai SSD nake saye. Tsohon diski faranti ne ke juyawa a ciki, ga girgizar kabu-kabu, ga ɗaukewar kuran ana tsakiyar aiki, ga zafin Afrilu da ke wuce digiri 40. SSD ba abin da ke motsi a cikinsa. Mai jiga 256 ya ishi mai aikin takardu. Mu masu murya sai mun lura, awa ɗaya a WAV na iya cin sama da mega 600.

Inda mutane ke ruɗuwa shi ne nan: ɗan tagwayen ranar da aka yi shi kawai ya sani. Hirar da na ɗauka jiya ba ta cikinsa. Don haka kowace Juma'a nake kwashe sabon aiki zuwa wani diski na waje, shi kuma ba a gidana yake kwana ba, saboda ɓarawo ko gobara ba sa tambayar wanne ne na aiki. In za a sabunta tagwayen ma, sai an tabbata na asalin lafiya yake, in ba haka ba har birus ɗin za a haifa sau biyu.

Kuma abu ne ƙarami, aljihu ke ɗauke shi. Wanda ya tsince shi, ya jona a wata na'ura, zai ji muryar matar nan ba tare da lambar sirri ba, sai fa in an kulle diskin da BitLocker ko VeraCrypt. Na BitLocker yana ba ka lambobi 48 na ceto. A rubuta su a takarda, a ajiye inda ake ajiye takardun fili.

Tun 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya daina tallafin yau da kullum ga Windows 10, kuma da yawa daga tsofaffin na'urorinmu ba za su ɗauki Windows 11 ba. Saboda haka diskina na AIKI ba ya hawa intanet sai don aika shiri, kuma kilen kowa ba ta shiga shi, har ta abokan aiki. Wanda ke da sauti ya turo mini ta WhatsApp.