Daga Fori Zuwa Gwange: Yini Guda a Bakin Kogin Ngadda

Wanda ya zo Maiduguri a watan Maris, aka nuna masa Kogin Ngadda, aka ce masa wannan ne ya cinye gari, zai ce raina masa hankali ake yi. Mu huɗu muka sauka daga Keke Napep a Fori da hantsi, bayan mun gama jarrabawar zangon farko, kuma abin da muka tarar yashi ne da 'yan tafkuna nan da can. Yara na buga ƙwallo a tsakiyar kogin. Gefe guda masu lambu na ban ruwa, ga kuma leda da robobi jibge a gindin gada.

Sai da muka haura cikin unguwa muka ga shaida. A jikin katangu akwai wani layi mai ruwan ƙasa, miƙaƙƙe kamar da igiya aka auna shi. A wani gidan ya kai ƙirjin mutum, a wani ya wuce saman taga. Nan ruwa ya tsaya a watan Satumban 2024.

Garin da kogin sun daɗe tare. A 1907 aka kafa Yerwa a kusa da gaɓarsa, zamanin Shehu Garbai. Ruwan yana tasowa ne daga fadamun Sambisa, ya ratsa birnin, ya je ya bazu a fadamar Jere inda manoman Zabarmari ke shuka shinkafa. A shekarun 1980 aka datse shi a Alau, kimanin kilomita 20 daga gari, domin ruwan sha da noman rani. An gina madatsar ne don ta riƙe ruwa kubik mita miliyan 112. A aji lissafi ne kawai muke rubutawa. A tsaye a gaɓa kuwa, mutum ya tuna cewa duk wannan ruwan yana sama da gidajen da yake kallo, sai jikinsa ya yi sanyi.

An yi babbar ambaliya a 1994, mu ko haihuwarmu ba a yi ba. Shekara 30 cif bayan haka, cikin daren da ya wayi 10 ga Satumba, 2024, madatsar ta ɓalle bayan damina mai ƙarfi. Ruwa ya shiga Fori da Gwange da Gamboru, ya shiga Kasuwar Monday, da fadar Shehu, da asibitin koyarwa na jami'a. Gidan namun daji na Sanda Kyarimi ya rasa mafi yawan dabbobinsa, aka riƙa gargaɗin jama'a su yi hattara da kadoji da macizai. Fursunoni sama da 270 suka fice da katangar kurkuku ta faɗi. Gwamnatin jiha ta ce abin ya shafi mutum kusan miliyan ɗaya, har aka sake buɗe sansanin Bakassi, wanda a da masu gudun rikici ne ke cikinsa. Wasu da ruwa ya kai can, ba zuwansu na farko ba ne.

A Gwange muka fi daɗewa, domin nan kakar ɗaya daga cikinmu take. Ta shimfiɗa mana tabarma, ta sa aka kawo ruwan randa, tana ta cewa jikokina kun sha rana. Ɗakinta sabon bulo ne, an ɗora shi a daidai inda tsohon na ƙasa ya narke. Ambaliya biyun duk a gidan nan suka same ta. Abokiyar tafiyarmu, wadda takardun sakandarenta suka jiƙe suka manne a wannan gida, ta yi ƙarfin hali ta ce, "Kaka, me zai hana ku tashi daga nan?" Tsohuwar ta yi dariya, ta tambaye ta ko ta tanadar mata fili a kan tudu. Nan kasuwa take kusa, nan maƙwabtan shekara arba'in suke, nan kabarin mijinta yake.

Mun zo da ra'ayinmu cewa masu gini a bakin kogi su suka jawo wa kansu. Mun koma da rabinsa kawai. Gaskiya ne gidaje sun matse hanyar ruwa, shara ta toshe magudanai, kuma da hannunmu muke zuba ta. Amma talaka inda ya iya saye nan yake zama, kuma ba shi ke duba lafiyar madatsa ko kwashe lakar da ke taruwa a cikinta ba. A 2025 gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 80 don sake gina Alau. Mutanen Gwange sun ji labarin a rediyo, amma abin da suka fi tambayarmu shi ne wa zai tashe su idan ruwa ya sake tahowa da dare.

Da za mu tafi, Kaka ta nuna mana wata jaka da ta rataye can sama a jikin azara. Takardun gida ne a ciki, da katin zaɓe, da hoton maigidan, duk an naɗe cikin leda biyu. Ta ce daga watan Agusta ba a saman take kwana ba, a ƙarƙashin matashinta take.