Tromso: Gaɓar da Aka Kifar da Dodon Teku

A can ƙuryar arewacin ƙasar Norway akwai gari mai suna Tromso, inda rana ke faɗuwa a ƙarshen Nuwamba, ba ta sake leƙowa sai tsakiyar Janairu. Daga ƙarshen Mayu kuma har cikin Yuli ba ta faɗuwa sam. Na isa garin ana dab da shiga wannan dogon dare. Gari kan waye da hantsi, kafin la'asar duhu ya rufe. Da dare kuwa wani koren haske kan shimfiɗu a sararin sama, yana kaɗawa yana sauya kama, har mutum ya tsaya yana tasbihi. Sanyin hunturun da ke sa mu hura wuta a tsakar gida a Minna, da za a kai musu shi, da sun ce bazara ta zo. Akwai Musulmi a garin da masallacinsu na Alnor, kuma idan rana ta ƙi fita ko ta ƙi faɗuwa, lokutan Makka suke bi wajen salla da azumi.

Duk da waɗannan abubuwan al'ajabi, wanda ya fi tsaya mini a rai yana wani ɗan tsibiri ne kusa da garin, mai suna Hakoya. Wuri ne na gonaki da 'yan gidajen katako a bakin ruwa. A gaɓarsa akwai manyan ramuka zagayayyu cike da ruwa, ga wani faifan ƙarfe mai kaurin gaske an kafa shi da rubutu a jiki. Ramukan sawun bama-bamai ne. Ƙarfen kuwa daga jikin Tirpitz aka yanko shi, jirgin ruwan yaƙi mafi nauyi da Jamus ta taɓa ƙerawa. Na sha karanta labarinsa, amma gani ya kori ji.

Tsawon Tirpitz mita 251 ne, nauyinsa idan ya yi lodi ya haura tan 50,000, yana ɗauke da manyan igwa takwas. Ɗan'uwansa Bismarck ya nutse a Mayun 1941, sai Hitila ya aika da Tirpitz Norway a Janairun 1942, ya laɓe a mashigan teku masu zurfi da ke tsakanin duwatsu. Daga nan yake barazana ga ayarin jiragen da ke kai wa Rasha makamai da abinci ta Murmansk da Arkhangelsk. Bai cika fita ba, amma tsoronsa kaɗai ya yi ɓarna. A Yulin 1942, jin cewa ya taso ya sa Birtaniya ta umarci ayarin PQ 17 ya watse, sai jiragen sama da na ƙarƙashin ruwa na Jamus suka bi su ɗaya bayan ɗaya, suka nutsar da 24 daga cikin 35. Shi ya sa Firaministan Birtaniya Churchill ke kiransa dodo.

An yi ta kai masa hari bai nutse ba. A Satumban 1943 wasu ƙananan jiragen ƙarƙashin ruwa na Birtaniya suka sulala har gindinsa a Kafjord suka dasa masa nakiya. Jamusawa kan turnuƙe wurin da hayaƙin sinadari don su ɓoye shi, kuma masana sun gano cewa hayaƙin ya tsayar da girman wasu itatuwan yankin, har yau alamar tana nan a cikin kututturansu. A ranar 15 ga Satumban 1944 jiragen saman Lancaster na Birtaniya suka taso daga Yagodnik a Rasha suka fasa masa goshi da bom ɗaya. Wannan rauni ne ya sa aka janyo shi kudu zuwa Tromso, kuma janyowar ce ta kawo shi inda jirage za su iya isa daga Birtaniya.

Isar ma da ƙyar ce. Tafiya ce ta kusan awa goma sha uku, zuwa da dawowa, yawancinta a kan teku mai sanyin da ke kashe mutum cikin mintoci. Kowane jirgi na ɗauke da bom guda tak, Tallboy, ƙirar injiniya Barnes Wallis, mai nauyin kilo 5,400. Don a sami wurin ƙarin mai, sai aka cire bindigogin da ke doron jiragen da wani sashe na sulken da ke kare matuƙi. Wato samarin nan sun rage kariyarsu da saninsu, alhali jiragen yaƙin Jamus na iya tasowa daga Bardufoss, ba nisa da wurin. Sun je ranar 29 ga Oktoba, gajimare ya rufe musu jirgin. Ga dogon dare yana ƙaratowa, idan ya shiga sai baɗi.

Ranar 12 ga Nuwamban 1944, runduna ta 617 ƙarƙashin Willie Tait da runduna ta 9 suka sake tasowa daga arewacin Sukotland. Sama ta yi tangaran, babu gajimare, babu hayaƙi, jiragen Bardufoss kuma ba su iso a kan lokaci ba. Suka ratsa wutar igwa suka saki bama-bamai 29. Biyu suka faɗa kan jirgin, wasu suka rarake ƙasan tekun da ke gefensa. Rumbun albarusai ya fashe, kafin kwata guda dodon ya kife. Wajen mutum dubu suka mutu a cikinsa, an kuma ceto tamanin da 'yan kai ta hanyar huda ƙarfen gindinsa. Jirgin Lancaster ɗaya da aka raunata ya sauka a Sweden, mutanensa suka tsira.

Yabon gwani ya zama dole. Cikin mutum kimanin 125,000 da suka yi aiki a jiragen jefa bom na Birtaniya, 55,573 ba su ga ƙarshen yaƙin ba, kuma yawancinsu shekarunsu ashirin ne da 'yan kai. Duk wanda ya hau jirgin ya san wannan lissafi. Amma rundunar jefa bom ɗin nan ce kuma ta ƙona Hamburg da Dresden da fararen hula a ciki, abin da ya sa aka daɗe ana jan ƙafa kafin a buɗe musu wurin tunawa a Landan a 2012. A Hakoya ma faifan ƙarfen bai manta da matattun Jamus ba. Turawa sun ajiye labarin da daɗinsa da ɗacinsa, da sunaye da ranaku. Hatta wani bangon ƙarfe na jirgin, rundunonin 617 da 9 sun shafe shekaru suna ƙwace shi daga hannun juna, kowacce na cewa bom ɗinta ne ya gama aikin, kafin a kai shi gidan tarihi na Hendon.

Wannan yaƙin namu ne mu ma. A watan da aka kifar da Tirpitz, sojojin runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma suna kwarin Kaladan a Bama, ƙasar da ake kira Myanmar a yau, suna fafatawa da Japanawa a dajin da mota ba ta shiga, ana jefo musu abinci da harsashi daga sama, wasunsu na ɗauke da kayan yaƙi a ka. A Janairun 1945 su da runduna ta 82 suka kama Myohaung. Dubban 'ya'yan Arewa na cikinsu, kuma titin jirgin ƙasan da ke kai mutum Legas daga Kano ta tashar Minna ya bi. Filayen jirgin sama na Kano da Maiduguri sun zama zango ga dubban jiragen yaƙi da aka harhaɗa a Takoradi aka nufi Masar da su. Sunayen barikin Chindit a Zariya, da Dalet da Kalapanzin a Kaduna, da Dodan a Legas, duk daga wancan fagen suka samo asali.

Kowace 15 ga Janairu ana ajiye furanni a Minna kamar sauran manyan biranen jihohi, ana sakin tattabaru don tunawa da mazan jiya. Abu ne mai kyau, sai dai furanni ba sa riƙe suna. Sojojinmu da suka je Bama kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, amma 'ya'yansu da jikokinsu suna nan a Bida da Kontagora da Zungeru da Kagara, da lambobin yabo da takardun sallama a cikin adaka, da labaran da suka ji daga bakin tsofaffin. Ya kamata malaman tarihi na jami'o'inmu da ƙungiyar tsofaffin sojoji da masarautu su bi gida-gida, su naɗi muryoyi, su ɗauki hoton takardu, su gwada su da abin da ke ma'adanar tarihi ta ƙasa a Kaduna. Daga nan a rubuta sunan kowane soja da garinsu a bango guda a Minna, inda ɗan makaranta zai je ya nemi sunan kakansa ya same shi.