Ina Murzuna Take Kwana da Rani?

Ni malamin yaƙi da jahilci ne a wani ƙauye kusa da Afala, arewa da Tawa. Yau zan ba ku labarin yadda yarinya 'yar shekara 13 ta kayar da ni.

Ɗiyar yayata ce. Tana karatu a koleji cikin garin Tawa. Wata Lahadi na zo cin kasuwa, na sauka gidansu. Na tarar tana bitar darasin abubuwa masu rai. Sai ta ɗaga kai ta ce, "Kawu, ku da kuke karantar da manya, ina murzuna take kwana da rani?"

Na yi shiru. Kowa ya san murzuna, tsutsar nan da take bin zangarniyar hatsi tana yi mata zane kamar an naɗa igiya. Mahaifina cewa yake yi da ruwan sama take saukowa. Wasu sun ce hatsin ne da kansa yake haifar ta. Ni kuwa ban taɓa tambayar kaina ba. Na ce mata, "Ke faɗa mini."

Ta buɗe littafinta. Mushensu ya koya musu cewa duk mai rai daga mai rai irinsa yake fitowa. Ruwa ba ya haihuwar tsutsa, ƙasa ma ba ta yi. Murzuna tana da uwa. Uwar wani ƙwaro ne mai fukafukai, ɗan'uwan malam-buɗe-littafi, amma shi da dare yake yawo, shi ya sa ba mu san shi ba. Idan hatsi ya fara fid da kai, sai uwar ta zuba ƙwai a bisa zangarniya. Bayan kwana 3 zuwa 5 ƙwan ya ƙyanƙyashe. Tsutsa ta yi wajen wata guda tana ci. In ta ƙoshi sai ta sauko, ta shige ƙasa, ta ƙudundune cikin ɓawo. Nan za ta kwanta, ba ci ba sha, har wata damanar.

Gaskiya na ji kunya. Amma na ɗauki tambayar na kai wa ɗalibaina.

A cikinsu akwai wani dattijo da ya haife ni. Gonarsa takan ba shi dami 40. A shekarar da ta wuce 14 ya ɗaure, saboda murzuna. Tun watan Janairu rumbunsa ya ga ƙasa, 'ya'yansa biyu suka tafi cirani. Da na gama bayani sai ya ce, "Malam, wannan zancen lakkol ne. Shekara 50 ina noma gonar nan, ban ga komai kwance a ciki ba."

Na ce, "Baba, mu je mu duba. In ba mu samu ba, ku ne da gaskiya."

Watan Maris ne, rana kamar wuta. Muka fita mu tara da fartanya da rariya. Muka yi ta tono gindin tsofaffin kara, muna tankaɗe rairayi. Har zuciyata ta fara bugawa, don mun daɗe ba mu ga komai ba. Can sai wani ya ce, "Mene ne wannan?" Ga wani abu ja-ja, bai kai ƙwallon dabino ba, a zurfin kamar taƙi guda. Da aka matsa shi kaɗan sai gindinsa ya motsa. Kafin azahar mun tara 6.

Muka zuba su cikin kwalba da rairayi, muka rufe baki da ƙyalle. Dattijon ya ce shi zai ajiye, kada a yi masa musanya. Da damana ta faɗi ya riƙa yayyafa musu ruwa. Huɗu ba su yi komai ba. Wata safiya, hatsi na gab da fid da kai, sai ga shi ƙofar gidana da kwalba. Ƙwari biyu masu fukafukai suna maƙale jikin ƙyallen.

Ya zauna, ya daɗe yana kallon su. Sannan ya gaya mini abin da yake damunsa. Bara malamin gona ya kawo wani ɗan buhu ya rataya a icen gonarsa, ya ce akwai ƙwari a ciki masu kashe murzuna. Da malamin ya juya baya sai ya cire buhun ya jefa wuta. A ganinsa, wa zai kawo ƙwaro maganin ƙwaro?

Buhun nan kuwa ba wasa ba ne. Murzuna ta yi ƙarfi a ƙasashenmu ne bayan farin 1973 da 1974. Masu binciken noma na INRAN a Maraɗi suna kiwon wani ɗan zanzaro da bai kai ƙwayar shinkafa ba. Tun 2006 ake kai shi ƙauyuka cikin irin wannan buhu. Macen tana harbin murzuna ta sandare, ta zuba ƙwanta a jikinta, 'ya'yan su cinye ta. Ba ya cin hatsi. Tsutsar da ya kashe ba za ta shiga ƙasa ba, balle ta tashi baɗi ta yi ƙwai.

Dattijon ya ce, "Malam, in an zo rubuta masu son buhu, da hannuna zan sa sunana." Ya miƙa mini kwalbar, ya ce in na je Tawa in kai wa yarinyar ta nuna wa mushensu.